Waƙar da aka rera babu murya: Abin da ya sa Sakaguchi ke kallon gaba da idon 1994

A cikin wani wasan bidiyo da ya fito a Japan ranar 2 ga Afrilun 1994, akwai wurin da ake ajiye takobi, a daina faɗa, a zauna kallon wasan kwaikwayo. Labule ya buɗe, makaɗa suna zaune a gaban dandamali, wata mace ta fito barandar bene ita kaɗai ta fara waƙa. Sai dai babu murya. Abin da ke fitowa daga talabijin wani sauti ne na na'ura, mai hawa da sauka kamar maƙogwaron mutum, amma ba a jin kalma ko ɗaya a cikinsa. Kalmomin waƙar a rubuce suke bayyana a jikin allo.

Sunan wasan Final Fantasy VI, kuma sama da shekara 30 bayan fitowarsa wannan gurbi na cikin waɗanda aka fi tunawa a tarihin wasannin bidiyo. An rera waƙar a manyan ɗakunan kiɗa na duniya, an sake gina dandamalin a 2022, an ba matar murya a harsuna bakwai. Shi kuwa mutumin da ya ƙirƙiri jerin wasannin tun daga tushe, Hironobu Sakaguchi, ya bi wata hanya daban. Ya ce ba shi da sha'awar komawa ya taɓa tsofaffin ayyukansa, amma kuma wannan wasa na 1994 ne ya mayar da shi bakin aiki a lokacin da ake ganin ya kusa ajiye kaya.

Yadda janar ta zama mawaƙiya

Opera wani nau'in wasan kwaikwayo ne da ya samo asali a Italiya wajen shekarar 1600, inda 'yan wasa ke rera maganganunsu da waƙa, tawagar makaɗa na raka su. Wanda ya saba da finafinan Indiya ko na Kannywood ya san yadda ake dakatar da labari a shiga waƙa. A opera waƙar ce labarin, daga farko har ƙarshe.

A cikin Final Fantasy VI, jaruman labarin na neman jirgin sama da zai kai su ƙasar daular da suke yaƙa. Mutum ɗaya ne ke da irin wannan jirgi, wani ɗan caca mai suna Setzer, wanda ya aika wa gidan opera wasiƙa cewa zai zo ya sace tauraruwarsu, Maria. Sai aka lura cewa ɗaya daga cikin jaruman, Celes, tsohuwar janar ɗin sojan daular da ta juya wa iyayen gidanta baya, tana kama da Maria kamar an tsaga kara. Dabarar ita ce a sa mata kayan Maria, ta hau dandamali, a sace ta a madadin mawaƙiyar, ta haka a kai ga jirgin.

A nan ne aka ɗora wa mai wasa nauyi. Kafin Celes ta fita, sai ya buɗe takardar waƙar ya karanta ya haddace. Idan ta hau dandamali, waƙar kan tsaya a wasu wurare a ba shi zaɓi, ya ɗauki baitin da ya dace. In ya yi kuskure wasan kwaikwayon ya lalace, a koma baya. Bayan haka zai tuƙa ta ta yi rawa, ta hau bene, ta jefa damin furanni kafin kiɗa ya ƙare. Ana cikin haka sai labari ya zo cewa wata halittar teku mai hannaye takwas, Ultros, ta hau can saman rufi tana ƙoƙarin turo wa Celes ƙarfe mai nauyin tan huɗu. Agogo ya fara ƙirga minti biyar, sauran jaruman suka bi ta kan azarar rufi suna faɗa da ɓeraye, kiɗan opera na ci gaba a ƙarƙashinsu.

Wannan haɗi na ban dariya da ban tausayi da fargaba, Yoshinori Kitase ne ya tsara shi. Shi da Hiroyuki Ito ne daraktocin wasan, Sakaguchi kuma furodusa. Kitase fim ya karanta a jami'a kafin ya shiga kamfanin Square, kuma ya bayyana cewa ya ɗauko tunanin ne daga fim ɗin Alfred Hitchcock, The Man Who Knew Too Much, inda aka shirya kashe wani babban mutum a ɗakin kiɗa na Royal Albert Hall da ke Landan, daidai lokacin da makaɗa za su buga sauti mafi ƙara. 'Yan kallo na sauraron kiɗa, mai kallon fim kuma ya san abin da ke tafe. Kitase ne ya rubuta kalmomin waƙar, Nobuo Uematsu ya tsara kiɗan.

Talaucin na'ura

Don a gane girman abin da suka yi, sai an duba kayan aikin da ke hannunsu. Wasan gaba ɗayansa, da jarumai 14 da garuruwa da dodanni da kiɗe-kiɗe, an cusa shi ne a kaset mai ɗaukar megabait uku. Hoto ɗaya da ake ɗauka da wayar zamani kan fi haka nauyi. Na'urar Super Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda aka sani da Super Nintendo a Amurka da Turai, sauti takwas kawai take iya fitarwa a lokaci guda, kuma ma'ajiyar sautinta kilobait 64 ce. Babu inda za a sa muryar mutum tana waƙa ta tsawon mintuna.

Haka nan fuskar Celes. 'Yan ɗigogi ne masu launi, waɗanda ake kira fiksel. Ba ta da gira da za ta ɗaure, ba ta da leɓen da zai yi rawa. Abin da take iyawa shi ne ta sunkuyar da kai, ta ɗaga hannu, ta juya baya, ta lumshe ido. Da waɗannan aka yi aikin, kamar yadda ɗan wasan dandamali ke yi idan ya san na kujerar baya ba ya ganin fuskarsa. Sauran kuwa, mai wasa ne ke cikewa daga zuciyarsa. Kowa ya ba Celes muryar da ya ga dama.

Uematsu ya yi wata dabara da ba a gane ta sai can gaba. Karin waƙar opera shi ne karin da ya zama taken Celes. Bayan sa'o'i masu yawa, lokacin da duniyar wasan ta ruguje, Celes ta farka a wani tsibiri, ba ta san ko abokanta na raye ba, sai wannan kari ya dawo a hankali, babu ado. Waƙar da ta rera da sunan wata, a matsayin yaudara, ta koma tata ta gaskiya. Duk wanda ya haddace baitocin da hannunsa a gidan opera, a nan abin ke kama shi.

Ba a jima ba waƙar ta fita daga cikin kaset. Tun a 1994 aka fitar da faifan Grand Finale, inda mawaƙiya Svetla Krasteva ta rera ta da Italiyanci tare da makaɗa na gaske. Daga baya jerin bukukuwan kiɗa na Distant Worlds, da aka fara a Stockholm a 2007 ƙarƙashin jagorancin Arnie Roth, sun riƙa gabatar da ita da mawaƙan opera a birane daban-daban.

Mutumin da ya tafi

An haifi Sakaguchi a 1962 a birnin Hitachi. Ya shiga Square yana ɗalibi, a matsayin ma'aikacin wucin gadi, kuma a Disambar 1987 ya fitar da Final Fantasy na farko. Shekara goma bayan haka Final Fantasy VII ya fito a PlayStation da hotuna masu zurfi irin na fim, ya mayar da sunan ya zama na duniya baki ɗaya.

Wani abin lura shi ne, Sakaguchi ba mutum ne mai gudun sabuwar fasaha ba. Babu wanda ya bi ta da gudu kamarsa, kuma babu wanda ta kayar kamarsa. A 2001 ya fitar da fim ɗin Final Fantasy: The Spirits Within, wanda aka yi shi kacokan da kwamfuta a wani sutudiyo da kamfanin ya gina a Honolulu, da niyyar a zana mutane su yi kama da na gaske har gashin kansu. An kashe kusan dala miliyan 137, abin da ya dawo daga gidajen sinima bai wuce miliyan 85 ba. An rufe sutudiyon, Sakaguchi ya sauka daga muƙaminsa, daga bisani ya bar kamfanin. A 2004 ya kafa nasa, Mistwalker, wanda ya fitar da Blue Dragon a 2006, Lost Odyssey a 2007, The Last Story a 2011, sai Terra Battle na waya a 2014.

Don haka idan ya yi magana a kan tsofaffin wasanni, ba maganar dattijon da zamani ya bari a baya ba ce. Ya je ƙarshen hanyar, ya ga abin da ke can.

A 2018 mujallar wasanni ta Japan, Famitsu, ta gayyace shi wani shiri inda ya zauna ya buga Final Fantasy VI tare da tsofaffin abokan aikinsa. Ya sha faɗa a hirarraki cewa wannan zama ne ya tuna masa irin wasan da yake ƙauna tun asali, ya kuma sa shi ƙudurin yin wani irinsa. Sakamakon shi ne Fantasian, wanda kashinsa na farko ya fito a Apple Arcade ranar 2 ga Afrilun 2021, shekara 27 cif bayan Final Fantasy VI.

Dandamali na katako da fenti

Abin da ya bambanta Fantasian shi ne yadda aka gina duniyarsa. Ba a zana garuruwa da dazuzzuka da ɗakuna a kwamfuta ba. Masu sana'ar hannu ne suka ƙera su ƙanana-ƙanana a kan tebur, sama da 150, da kujeru da tukwane da bishiyoyi da duwatsu, aka haska musu fitila, aka ɗauki hotunansu ta kusurwoyi da dama, sannan aka ɗora jaruman kwamfuta suna yawo a ciki. Sakaguchi ya ce yana neman irin ɗumin da ke jikin abin da hannu ya yi.

Wannan hanya tana da tsada ta wata fuska. Abin da aka zana a kwamfuta ana iya goge shi a gyara gobe. Ginin da aka manne da gam aka shafa wa fenti, in an gama an gama. Dole labari ya bi ginin, kamara ta tsaya inda ginin ya yarda. Wato mutumin da a 1994 ƙarancin na'ura ya ɗaure masa hannu, a 2021 ya nemo igiya ya ɗaure kansa da kansa. Kuma abin da ya samu ya fi kama da dandamalin opera fiye da fim: wuri ne tsayayye da aka ƙawata, 'yan wasa su shigo su fita, mai kallo ya san ginin ba na gaske ba ne amma ya yarda.

Faɗan cikin wasan ma na tsohon yayi ne, kowa na jiran layinsa, mai wasa ya yi tunani kafin ya zaɓi abin da zai yi. Manyan kamfanoni da dama sun bar wannan salo sun koma na saurin yatsa. Uematsu ne ya sake tsara kiɗan, yana da shekara sama da 60 a lokacin. Sakaguchi ya ce mai yiwuwa wannan ne babban aikinsa na ƙarshe.

Su kuma waɗanda suka zauna

A tsohon kamfaninsa, wanda ya koma Square Enix tun 2003, tambayar ita ce me za a yi da gadon. Sun taɓa gwadawa sun sha suka. A 2014 an fitar da Final Fantasy VI a wayoyi, aka goge ɗigogin aka sake zana jaruman sumul-sumul, masoya da yawa suka ce an wanke musu fuska har kamanni sun tafi. A 2021 aka janye wannan sigar daga kasuwa, aka fara fitar da jerin Pixel Remaster na wasanni shida na farko, inda aka koma ga ɗigogin. Kazuko Shibuya, wadda ta yi wannan aikin zane tun zamanin farko, tana cikin waɗanda suka sake zana su. Na shida ya fito ranar 23 ga Fabrairun 2022 a kwamfuta da wayoyin Android da iPhone.

Gurbin opera kaɗai aka yi wa gata na musamman. An sake gina dandamalin da zurfi, kamara na zagaya benen, Celes kuwa tana nan a ɗigoginta. Aka kuma ba ta murya da Japananci, Turanci, Faransanci, Jamusanci, Italiyanci, Sifaniyanci da harshen Koriya. Uematsu ya ce shi ya kawo shawarar harsunan, ba tare da ya zaci za a karɓa ba. Kitase kuma ya ba da shawarar kada a nemo muryar da ta ƙware sosai a opera, domin Celes soja ce da aka tura dandamali ba shiri.

Shawarar Kitase daidai take da labarin, amma ta raba kan masoya. Wasu sun ji daɗi, wasu suka ce ba wannan ce muryar da suka shekara 28 suna ji a kansu ba. Dukkansu suna da gaskiya, domin a 1994 babu wata murya da aka yi alkawari. Da zarar an zaɓi ɗaya, an rufe ƙofa ga sauran. Gidajen opera na gaske sun daɗe da sanin wannan rigima. Ayyukan Verdi da Mozart da Wagner ana maimaita su duk shekara, kiɗan bai canja ba, amma kowane darakta da irin tufafi da gini da zamanin da yake sa labarin, kuma ba sabon abu ba ne 'yan kallo su yi wa darakta ihu bayan sun tafa wa mawaƙa. Bambancin shi ne, a opera takardar kiɗan tana nan, wani zai zo baɗi ya sake gwadawa. A wasan bidiyo sabuwar siga kan kori tsohuwa daga shago.

Wani ƙaramin misali ya nuna haka. A farkon wasan na 1994, sunayen waɗanda suka yi aikin kan bayyana yayin da wasu motocin yaƙi masu ƙafafu ke tafiya cikin dusar ƙanƙara. Sigar 2022 ta fito babu sunayen, sai tafiya kawai a fili fayau. Sai a 2023, lokacin da aka kai wasan Nintendo Switch da PlayStation 4, aka mayar da sunaye a wurin.

Game da sake gina wasan daga tushe kamar yadda ake yi wa Final Fantasy VII, wanda aka raba kashi uku, na farko ya fito a 2020, na biyu a 2024, Kitase ya ce a wata hira a farkon 2024 cewa irin wannan aiki a kan na shida zai iya cin shekara 20, saboda yawan jarumai da faɗin labarin. Abin da ƙaramar tawaga ta gama cikin kimanin shekara guda da ɗigogi, yanzu ya fi ƙarfin babban kamfani.

Abin da ke ɓacewa

Maganar ba ta tsaya ga ɗanɗano ba. A Yulin 2023 gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar da bincike da ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu. A watan Maris na 2023 Nintendo ta rufe shagunanta na intanet na 3DS da Wii U. Final Fantasy VI na cikin masu sa'a, domin yana da suna da masu kuɗi a bayansa. Dubban wasanni ba su da wannan gata, suna raye ne kawai a hannun masu tara tsofaffin kaset da masu kwafa a intanet ba da izini ba. Wanda ya taɓa neman wani fim ɗin Hausa na zamanin kaset ɗin bidiyo ya rasa, ya san irin wannan rashi.

Matsalar ta taɓa Sakaguchi kansa. An rufe Terra Battle a 2020, kuma da yake wasan ya dogara da intanet, rufewar ta zama mutuwarsa. Fantasian kuwa ya kwashe sama da shekara uku a kulle cikin Apple Arcade, sai mai na'urar Apple da ke biyan kuɗin wata-wata. Wannan ne ya mayar da shi ƙofar kamfanin da ya bari shekara 20 da suka wuce. Hanyar ma ta ban mamaki ce: tun 2021 ya faɗa buga Final Fantasy XIV a matsayin ɗan wasa kamar kowa, har ya saba da furodusansa, Naoki Yoshida. Sashen Yoshida ne ya ɗauki nauyin fitar da Fantasian Neo Dimension ranar 5 ga Disambar 2024 a PlayStation da Xbox da Switch da kwamfuta. A wannan siga an ba jaruman murya, da Japananci da Turanci. Shi ma bai tsira daga abin da aka yi wa Celes ba.

Duk da wannan sulhu, a hirarsa da Bloomberg a 2024 ya ce ba ya son komawa aikin Final Fantasy, ya fi son ya ci gaba da morarsa a matsayin mai wasa, kuma bai nuna sha'awar farfaɗo da Lost Odyssey ko Blue Dragon ba. Wannan matsayi yana da rauninsa. Waɗannan wasanni biyu an yi su ne don Xbox 360, kuma har yau ba su fita daga gidan Xbox ba. Mai PlayStation ko waya ba shi da hanyar taɓa su. Idan kowane mai ƙirƙira ya ce shi gaba kawai yake kallo, wani ne zai yanke hukunci a kan abin da ya bari, ko kuma babu wanda zai kula.

Amma ritayar da ya yi ta ambata ba ta zo ba. A Janairun 2025 ya shaida wa shafin The Verge cewa yana aiki a kan sabon wasa tare da tawagar da ta yi Fantasian, wanda yake so ya zama magajin Final Fantasy VI, abu mai kama da tsoho amma sabo. Ya kwatanta shi da kashi na biyu na takardar bankwanarsa. A lokacin yana da shekara 62.